Yara na hutu a gida, me za su yi ba tare da an kashe kuɗi ba?

'Yar'uwa, kin ce yaranki sun gaji da zaman hutu, kullum rigimar waya, kuɗin fita kuma babu. Ki kwantar da hankalinki, abin wasan yana cikin gidanki.

Ki fara da shuka. Ki samo gwangwanin madara, ki huda gindinsa, a cika da ƙasa, kowa ya binne wake biyu ya rubuta sunansa a jiki. Cikin kwana huɗu zuwa biyar zai tsiro. Za ki ga yaro tun asuba ya tsuguna gaban gwangwaninsa yana leƙe, ko shayi bai sha ba.

Manyan kuma ki koya musu dara: rami 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan tsakuwa, wancan tsinke. Wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokinsa. Tana koya haƙuri da lissafi, ni na fi son ta a kan duk wasan waya.

Akwai carafke, langa, da motar kara. Bayan isha'i kuma a shimfiɗa tabarma, ki ce "Ga ta nan, ga ta nanku", gobe su ma su kawo tasu. Amma tsakuwa da wake, ki nisanta su da mai rarrafe, kada ya kai baki.