Dalilin da ya sa rifitarka take kurumcewa

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa rifitar da ka haɗa da rediyon oba-oba guda biyu, wato na'urar da ke karɓar magana ta sake watsa ta don ta kai nesa, take aiki lafiya lau a kan tebur, amma da zarar abokinka ya yi nisan kilomita ɗaya sai muryarsa ta riƙa yankewa, har ka fara tunanin sayo na'urar ƙara ƙarfi. Kada ka saya, domin ba ƙarfi ne ya yi maka ƙaranci ba, yawansa ne yake cutar da kai.

Rifita tana saurare a zango ɗaya, tana kuma watsawa a wani zangon a lokaci guda. Rediyon da ke watsawa yana zuba wat 5 dab da wanda ke saurare, alhali saƙon da ke tahowa daga nesa bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na wat ɗaya ba, ka ga ke nan tamkar mai son jin raɗa ne yayin da wani ke kwarara masa ihu a kunne. Ka gwada da kanka: ka zare wayar da ta haɗa su, ka sa abokinka ya yi magana daga inda yake ɓacewa, za ka ji shi tangaran, sannan ka danna maɓallin mai watsawa da yatsa, nan take shuu za ta rufe muryar.

Masu aiki a zangon da ke kusa da megahaz 145 sukan bar tazarar kilohaz 600 kacal tsakanin zangunan biyu, kuma ba a iya raba su a kan eriya ɗaya sai da dufleksa, wato gwangwanayen ƙarfe masu tsawon sama da rabin mita waɗanda ake saitawa da na'urar awo. Idan ka samu irinsu kada ka murɗa sandunansu da ka. Ina yaro na taɓa yin haka, sai da maigidana ya ɓata yini guda yana gyara ɓarnata.

A matakin da kake, na fi son ka nisanta zangunan sosai, ɗaya ya saurara a UHF, wato rukunin zangunan da ke can sama, ɗaya ya watsa a VHF, rukunin da megahaz 145 ke cikinsa, muddin rediyoyin masu amfani da ita suna ɗaukar duka biyun. Idan ba haka ba, ka ɗora eriya biyu a kan sanda ɗaya, ta saurare a sama, ta watsawa mitoci da yawa a ƙarƙashinta, saboda eriyar da ke tsaye ba ta cika jefa saƙo sama ko ƙasa ba, gefe take turawa. Ka kuma rage ƙarfin zuwa wat 1, wanda zai sauƙaƙa kurumtar, ya kuma hana rediyon ƙonewa, tun da ba a ƙera na hannu don doguwar watsawa ba tare da hutu ba.

Nisan da kake nema yana wurin tsayi. Eriyar da ke mita 25 daga ƙasa tana hango kusan kilomita 20 a shimfiɗaɗɗen wuri, sai dai siririyar wayar haɗa eriya da rediyo mai suna RG-58 tana cinye kusan rabin ƙarfinka a mita 10 idan a UHF ne, saboda haka ka nemi mai kauri. Kafin ka kunna ta a sama, ka tabbata hukumar sadarwa ta ba ka lasisin zangunan biyu, sannan ka kawo mini ita mu auna eriyar tare.