Me ya sa gefen ƙuna ke ciwo alhali bai ƙone ba?

Tambaya: Likita ruwan zafi ne ya zubo min a bayan hannu, ƙunar ma 'yar ƙarama ce, amma yau kwana uku ko hannun riga ya gogi gefen wajen sai in ji kamar an tsira min allura, kuma nan ɗin lafiyarsa lau. Ko jijiya ce ta lalace?

Amsa: Sannu Malama, Allah ƙara sauƙi. Da wuya ne a ce jijiya ta lalace, yawanci wannan aikin laka ne, wadda ke cikin ƙashin baya.

Kin ga inda ya ƙone naman wajen na fitar da sinadarai irin su furostagilandin, su ke kawo kumburi su kuma sa bakin jijiyoyi ya zama abu kaɗan ke tayar da shi. Saƙon na bin hanya biyu, akwai jijiya mai sauri da ta kawo zafin farko da ya sa kika fizge hannu, sai siririya mai nawa wadda da ƙyar take mita 2 a daƙiƙa, ita ke kawo zogin nan da ke biyo baya.

To duka a ɓangaren baya na laka suke sauke kaya, su miƙa wa wasu ƙwayoyin jijiya ta hanyar sinadarin gulutamet, kuma lakar ba 'yar aike ba ce kawai, tana ƙara wa saƙo tana rage masa kafin ya kai ƙwaƙwalwa. In saƙo ya yi ta zuwa ba ƙaƙƙautawa akwai wata kafa a jikin ƙwayoyin mai suna NMDA da sinadarin maganiziyam ya toshe kamar murfin kwalba, sai murfin ya fita, ƙwayoyin su zama masu saurin zabura har shafar riga daga fatar da ke maƙwabtaka su fassara ta da ciwo. Wani masanin jijiyoyi mai suna Clifford Woolf ne ya nuna wannan saurin zaburar ta laka a jikin ɓeraye a 1983, a ganina wannan ne ainihin abin da ke damunki, kuma yakan lafa in ƙunar ta warke.

Maganin ibufurofen na rage furostagilandin ɗin, amma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu kar ta sha sai da izinin likita. In kuma kika ga mugunya ko jan yana faɗaɗa ko zazzaɓi, wannan ba zancen laka ba ne, ki je asibiti a duba.