Yadda rile ke gane ɓarna a cikin taransifoma

Ka tambaye ni cewa: "Oga, tankin taransifoma a rufe yake ruf, cike da mai. Ta yaya rile ke sanin ɓarnar a ciki take, ba a kan layi ba?"

To ɗana, rile, wato na'urar da ke sa a katse wuta in ta gano ɓarna, shaidu biyu yake saurara: man da ke cikin tankin, da wutar kanta.

Dubi bututun da ya tashi daga babban tanki zuwa ƙaramin tankin sama, wanda muke ce wa konsabeta. Akwatin ƙarfen nan mai tagar gilashi da ke tsakiyarsa shi ne Buchholz, sunan injiniyan Jamus da ya ƙirƙiro shi a 1921. Idan rufin wayar koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke cikin tankin, ya fara cinyewa, ko wani wuri a ciki ya ɗau zafi fiye da kima, man wurin yakan lalace ya fitar da gas. Gas ɗin ya taso ya bi bututun, shi ya sa ake ɗan ɗaga bututun ta wajen konsabeta, ya taru a saman akwatin ya danne mai ƙasa. Fulot na sama, abin da ke yawo a kan man cikin akwatin, ya sauka, ƙararrawa ta buga. Wannan gargaɗi ne kawai. In kuwa tartsatsi mai ƙarfi ne ya tashi, mai zai ɓarko da gudu ya bugi faifan da ke ƙasa, bireka, babban makunnin da ke katse wuta, ta faɗi nan take.

Nan nake so ka buɗe kunne. Ba duk ƙararrawar Buchholz ce ɓarna ba. In an ƙara mai kwanan nan, iskar da ta maƙale takan taru a akwatin. Da sanyin hunturun Zariya kuma mai yakan tsuke, taransifomar da dama take yoyo sai man nata ya sauka har fulot ya biyo shi. Amma ba kai za ka yanke hukunci da ido ba. Ka ɗebi gas ɗin ta ƙaramin famfon sama, ka ɗebi mai, a kai gwaji. In aka samu asetilin, tartsatsi ne a ciki. In kabon monoksayid ya yi yawa, takardar da ta rufe koyil ce ke ƙonewa, ita kuwa ba ta warkewa.

Shaida ta biyu ta fi sauri, ita ce difarenshal. Akwai CT, na'urar auna yawan wutar da ke wucewa, a ɓangaren 33kV, akwai a na 11kV, rile yana kwatanta abin da ya shiga da abin da ya fita. Kamar injin niƙa ne: ka zuba tiya goma, ka ga garin tiya shida, ka san a cikin injin aka yi asara. In waya ta yanke a hanyar Samaru, wuta mai yawa za ta ratsa taransifoma, amma yadda ta shiga haka ta fita, don haka difarenshal ba zai motsa ba. Ga wata wahalarsa: lokacin da aka fara kunna taransifoma takan zuƙi wuta mai yawa ta ɓangare guda. Rile yana gane wannan da hamonik na biyu da ke cikinta, wato kaɗawar da ta ninka saurin kaɗawar wutar da aka saba sau biyu, sai ya dakata.

Ƙananan taransifomomin unguwa na Tudun Wada da Sabon Gari ba su da wannan gata, yawanci fiyus kaɗai ke tsaronsu.

Duk ranar da ka ga Buchholz ko difarenshal ne ya fidda bireka, kada ka mayar da wuta, ko da waya ta ishe ka da kira. Ka ware taransifomar ta ɓangarorin biyu, ka sa mata as, wato ka haɗa ta da ƙasa, ka rubuta abin da rile ya nuna kafin ka goge, sannan ka kira ni mu zo da mega, na'urar gwada ƙarfin rufin waya, mu auna koyil.