Amsar malamin noma a guruf ɗin iyaye: fita da ƙungiyar manoma fashi ne?

Assalamu alaikum. Maman Khalifa, na ji saƙonki tun da hantsi, ina aji ne. Kin ce yaronki ya shiga ƙungiyar matasa manoma ta makaranta, kina tsoron in sun fita ranar karatu a rubuta masa fashi ya fito a katin sakamako. To ni na san inda maganar ta dosa, Hajiya. Babansa ne ke ƙorafi: makaranta ta kwashe yaro zuwa gona an ce ba komai, shi ya tsare ɗansa ranar shuka an aiko masa da takarda. Ko ba haka ba?

Kin ga, rajista sau biyu ake kiranta, da safe da kuma bayan an dawo tara. Yaron da ya fita tare da malami, sunansa na cikin takardar da shugaban makaranta ya sa wa hannu, uba ma ya sa hannu ya yarda, wannan yana makaranta, ba mai rubuta masa fashi. Ai noma darasi ne, ana rubuta shi a WAEC da NECO, har da furaktikal. Za a ajiye wa yaro ƙasar jigawa da ta laka, ko taki, ko ƙwaron da ke cin wake, a ce ya faɗi mene ne da yadda ake maganinsa. Wanda a allo kawai ya san su, ranar nan sai zare ido.

Amma fa sai malamin aji ya ga takardar kafin a tafi. Nan ne ake samun matsala, wallahi. A wata makaranta da na koyar, na kai yara Samaru, cibiyar binciken aikin gona ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda ake fitar da irin gyaɗa SAMNUT da irin wake SAMPEA. Yaran nan sun tsaya cikin rana suna rubutu, wata yarinya har tambaya take yi a kan ƙuduji, jami'in ya yi ta mamaki. Washegari mataimakin shugaban makaranta ya jera min su a gwiwa bakin ofis, wai sun yi fashi, alhali takardar na kan teburinsa ƙarƙashin kofin shayi. Kin san horon da ya ba su? Lauje! Su yanke ciyawar bayan aji. Sannan mu dawo muna cewa yara sun tsani noma. 'Yan ƙwallo kuwa su yi kwanaki a filin wasa, har da tafi ake tarbarsu. Ni ban ce ƙwallo... a bar wannan dai, kar in ɓata wa wasu rai a guruf ɗin nan.

To gonar gida kuma, a gaya wa Alhaji gaskiya, fashi ce a rajista. Ba mu muka ƙirƙiro ba. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ɗora wa uba alhakin yaro ya gama firamare da ƙaramar sakandare. Karon farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. Kuɗin kam yau abin dariya ne, amma gwajin da yaro ya rasa ba abin dariya ba ne, don makin nan ana haɗa shi da na jarrabawa.

Na san zango na uku yana faɗowa daidai shuka da noman fari, na farko kuma daidai kaka, ni ma manomi ne. In ruwa ya sauka daren Talata ba wanda zai ce wa ƙasa ta jira Asabar. Abin yi, uba ya tako da ƙafarsa ya ga shugaban makaranta, ya nemi izinin yini ɗaya, a duba ko akwai gwaji ranar. Ba a aiko ƙane ya ce wai yaya ba shi da lafiya, alhali mun wuce shi da sungumi a kafaɗa.

Takardar yardar tana cikin jakar Khalifa, ki duba, a dawo min da ita kafin Alhamis. Ya zo da hula da gorar ruwa, kuma ban da silifas.