Amsoshin Wasiƙunku: Masu Neman Duwatsu a Hamada

Wani malamin sakandare daga Damagaram ya rubuto cewa yana tara duwatsu don nuna wa ɗalibai, yana tambayar ina ya kamata ya nufa cikin hamada, kuma a wane lokaci.

Malam, Allah ya saka da alheri. Ka manta da tudun yashi, komai kyansa a hoto, domin yashi binne dutse yake yi. Ka nemi fako mai tsakuwa, inda iska ta share ƙasa ta bar duwatsu a fili, da busassun ƙoramu da ke gangarowa daga tsaunukan Abzin, wajen Timiya da Iferwan da gindin Bagzan. Ruwan damina ne ke kwaso su daga sama ya zube su a kwanar ƙorama, ya yi maka rabin aikin. Lokacin sanyi za ka fita, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da rana ta karkata dutse mai sheƙi ke nuna kansa. Kada ka kwana cikin ƙorama. Kada ka taka ko'ina ba jagora ɗan ƙasa, kuma ka fara tambayar hukuma a Agadas halin da hanya take ciki, don zaman yanzu ba na da ba ne.

Gatarin aradu da kan kibiya na dutse da ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe, irin na Gadufawa da ke jihar Agadas, kayan tarihi ne, doka ta hana ɗiba. Ɗauki hoto ka bar su nan. Kuma ba dole sai hamada ba. Ƙasar Sakkwato da Tawa a zamanin da teku ce, shi ya sa ake tsintar bawon dodon koɗi da ya zama dutse cikin farar ƙasar da ake haƙa don siminti a Kalambaina da Malbaza. Kowane dutse ka tsinta, rubuta wuri da rana a takarda ka naɗe su tare, in ba haka ba bayan shekara kai kanka ba za ka tuna ba.

Wani Alhaji daga Kano ya ce an kawo masa baƙin dutse mai nauyi, wai daga sama ya faɗo a hamadar Tenere ta Nijar. Mai shi na son naira miliyan biyu, kuma ya ce wani Bature na jira, sai a yanke shawara kafin Juma'a.

Alhaji, riƙe kuɗinka. In da gaske akwai Bature, me ya kawo mai dutsen shagonka?

Na san inda wannan zazzaɓi ya samo asali. A Nuwamban 2023 an tsinci dutse mai kilo 24 da ɗoriya a jihar Agadas, masana suka tabbatar daga duniyar Mars yake, aka yi gwanjonsa a New York a Yulin 2025 kan sama da dala miliyan 5. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. Ko a Najeriya an taɓa yi: a 1962 wani mai kilo 18 ya faɗo a Zagami ta ƙasar Katsina, shi ma na Mars ne. Tun da labarin gwanjon ya bazu a WhatsApp, duk wanda ya yi tuntuɓe da baƙin dutse sai ya fara lissafin gida da mota.

To, duwatsun hamada da yawa baƙi ne daga waje kawai. Dubban shekaru ne suka shafa musu wani siririn fenti na ƙarfe, in ka fasa sai ka ga cikin fari ko ja. Wasu tama ce. Wasu kuwa kashin maƙera ne na kakanninmu da suka narka ƙarfe. An taɓa kawo mini ɗaya naɗe cikin ƙyallen shadda, an shafe shi da man kwalba yana ƙyalli, mai shi yana magana ƙasa-ƙasa kamar ya ɗauko sirrin fada. Na juya shi, sai ga ramuka birjik kamar soson wanka. Dutsen sama ba ya yin irin waɗannan ramukan kumfa. Yawancinsa ya fi girmansa nauyi, maganaɗisu na kama shi, yana da siririn baƙin ɓawo na ƙonewar da ya yi a iska. Amma tama ma tana da nauyi, wata ma tana kama maganaɗisu. Goga shi a bayan tayil: in ya bar jan layi ko baƙi mai kauri, tama ce. Ko ya tsallake duk wannan, ba a tabbatarwa sai an yanki ɗan guntu an kai ɗakin gwaji, kamar na hukumar binciken ma'adinai da ke Kaduna ko sashen ilimin ƙasa na jami'a. Faɗa wa mai dutsen haka, ka ga ko zai dawo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mutumin da zai ƙwanƙwasa kankana sau uku kafin ya biya, ya murza shadda ya ɗaga ta a rana, shi ne zai miƙa miliyoyi kan dutsen da bai san sunansa ba. Haka ake sayar wa mutane fasasshiyar kwalba da sunan yaƙutu ko zumurrudu. Haska tocila a ciki, in ka ga ƙananan kumfa masu zagaye, gilashi ne. Haka ake sayar da wani dutse mai ruwan zinare, alhali in ka sa guduma zinare faɗaɗa yake yi, shi kuwa marmashewa. Kuma ko dutsenka na gaske ne, in ba takardun fitarwa, wa za ka sayar wa? A Najeriya dokar ma'adinai ta 2007 ta ce duk abin da ke cikin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, a Nijar ma na gwamnati ne.

Wani saurayi daga Maraɗi yana tambayar ko ya sayar da babur ɗinsa ya sayi na'urar da aka ce tana hango zinare da lu'ulu'u daga nisan kilomita.

A'a. Na'urar gaskiya ƙarfe take ji, a ɗan zurfi kaɗan, kuma ba ta san lu'ulu'u ba. Mai eriya biyu da ke juyawa a hannu wasan yara ce. Je ka tambayi waɗanda suka tafi haƙar zinare Jado, a arewacin Nijar, a 2014, mutum nawa suka dawo da kuɗin motarsu. Babur ɗinka aƙalla yana kawo cefane.

Wata uwa daga Gusau ta ce ɗanta mai shekara takwas kullum aljihunsa cike da duwatsu, kwanan nan kuma ya fara kawo wasu masu sheƙi kamar kwalli daga wajen masu haƙa. Hankalinta bai kwanta ba.

'Yar'uwa, kin yi daidai da kika tambaya. Tsintar dutse ba laifi ba ne, irin waɗannan yaran ne ke zama masanan ƙasa. Amma masu sheƙin nan ki raba shi da su yau. Dutse mai nauyi, ruwan toka, mai fashewa murabba'i-murabba'i, dalma ce a cikinsa. Ba mu manta 2010 ba, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ana daka dutsen zinare a cikin gidaje. Kada a daka, kada a niƙa, kada ya sa a baki, kada su kusanci turmi ko kwanon abinci, kuma ya daina zuwa wajen haƙar. In yana yawan ciwon ciki, ko kasala, ko kin ga ya canza, ki kai shi asibiti ki ce a gwada jininsa don dalma, ki faɗa musu inda yake wasa. Sauran fararen tsakuwoyinsa na bakin rafi kuwa, ki samo masa gwangwani mai murfi ya riƙa zubawa, ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.