Ga ɗalibin da ke son zuwa waje ya koyi fitar da ƙarfen toriyom

Ƙanena, ka ce kana karatun kemistiri a Jos, ka ji cewa akwai monazait, ma'adinin da ke ɗauke da toriyom, a tulin ƙasar da masu haƙar kuza suka bari, kuma kana so ka fito ka koyi yadda ake raba toriyom da oksijin ɗinsa. To, ga yadda aikin yake.

Toriyom oksaid taurin kai gare shi, ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3300. Haidirojin ba ya iya ƙwace oksijin ɗin, gawayi kuwa kabaid zai ba ka maimakon ƙarfe. Shi ya sa ake amfani da kalsiyom: ThO2 + 2Ca → Th + 2CaO. Ana zuba kalsiyom fiye da abin da lissafi ya nuna, a haɗa da gishirin kalsiyom kulorayid, a rufe tukunya a cika ta da iskar agon, a kai zafi wajen digiri 1000. Gishirin nan ba don ado ake sa shi ba. Idan ya narke, shi ke shanye CaO, wato kalsiyom oksaid, da ke lulluɓe ƙwayoyin oksaid, in babu shi aikin sai ya tsaya a rabi. Bayan an huce a wanke da ruwa da asid mai rauni.

Gari za ka samu, ba dunƙule ba, domin toriyom sai digiri 1750 yake narkewa. A nan haɗarin yake. Garin kan kama wuta da kansa a iska, kuma ƙaramar kafa a tukunya ta isa ta shigo da oksijin da naitirojin, ƙarfen ya fito mai saurin karyewa. A Ames ta jihar Iowa a Amurka, masu bincike sun bi ta toriyom fuloraid da zinki don su sami dunƙule, daga baya su ƙafar da zinkin.

Ƙurarsa kuwa in ta shiga huhu tana nan tana fitar da radiyeshan na alfa shekara da shekaru. Don Allah kada ka gwada shi ba tare da lasisi ba. A gida hukumar NNRA, mai kula da harkokin nukiliya, ita ce ke da hurumin.

Maganar tafiya: nemi gurbi a fannin sarrafa ƙarafa, domin da wuya ka ga kwas mai sunan toriyom. A Ingila irin wannan karatun yakan buƙaci takardar ATAS, wato izinin gwamnatin Ingila na yin karatun, kafin biza, kuma tana cin makonni, ka nema da wuri. Kafin nan ka leƙa cibiyar binciken makamashi ta CERT da ke Zariya ka koyi auna radiyeshan, ka kuma saba da aiki a akwatin safar hannu mai agon, wato rufaffen akwatin da ake aiki a cikinsa ta safar hannu.