Amsa: Ƙanena na son buga ƙwallon kwando a jami'ar Amurka, ta ina za mu fara?

Ɗan'uwa, ka ce ƙaninka ɗan shekara 16 ne, dogo, kuma wani ya yi maka alkawarin samo masa gurbi idan ka ba shi kuɗi. Riƙe kuɗinka tukuna. Koci na gaskiya ba ya sayar da gurbi ta hannun dillali.

Fara da karatu. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ba ta barin yaro ya buga a rukuni na ɗaya, wato na manyan jami'o'i a fagen wasa, sai ya yi rajista da ita, ya nuna darussa 16 na sakandare da matsakaicin maki 2.3 cikin 4. In ya yi sakaci da WAEC, tsayinsa ba zai cece shi ba.

Sai bidiyo. A tura cikakken wasa, ba guntayen da yake zura ƙwallo kaɗai ba. Masu horarwa suna son ganin yadda yake tsaron baya da yadda yake komawa da gudu idan an ƙwace masa ƙwallo.

Abin da mutane ke mantawa shi ne bincikar kocin kansa. Tun da aka buɗe rajistar da 'yan wasa ke shiga don sauya jami'a a 2018, masu horarwa da yawa sun fi son ɗauko gogaggun 'yan wasa daga wasu makarantu. Duba minti nawa sababbin yaransa suka buga bara, da nawa suka tattara suka bar shi. Idan ƙungiyar na ta shan kashi, kujerarsa na rawa, kuma wanda zai gaje shi bai san ƙaninka ba.

Ku nemi shiga sansanin horar da matasa na Giants of Africa, na Masai Ujiri, wani jigo a harkar ƙwallon kwando wanda ya tashi a Zariya. Batun biza da kwangilar talla kuwa, sai lauyan shige da fice.